Gurbin Da Kunya Ta Zaɓar Wa Ɗan Farina

Edita, bayan sallama da fatan alheri, ina roƙon fili a shafin masu karatu, tare da roƙon a sakaya sunana. Ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk waɗanda labarin ya shafa suna raye, wasunsu ma kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa a sahu ranar Juma'a.

A shekarun da wannan abu ya faru, ni jami'i ne a ofishin rajista na wata ma'aikata a sakatariyar Dutse. Shiga da fitar fayil duk ta hannuna suke bi, kuma an san ni da hali ɗaya: ba na aiki da "an ce". Idan masinja ya zo ya ce darakta ya ce a ba shi fayil kaza, sai in ce ya koma darakta ya rubuta da hannunsa. Wasu suna kiran wannan taurin kai, ni kuwa ina kiransa amana, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Asalina daga wata ruga ce a ƙasar Buji. Mahaifinmu shi ne na ƙarshe a gidanmu da ya yi rayuwarsa a bayan shanu, ni ne kuma na farko da aka kai makarantar boko. Na ajiye sandar kiwo tun ina yaro, amma ban ajiye tarbiyyar gidanmu ba, kuma babu abin da aka fi tsananta mana a cikinta kamar kunyar ɗan fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya barin a ga damuwarsa a kansa. Da aka yaye ɗana na fari, Inna, wato mahaifiyata, ta ɗauke shi ta tafi da shi Ringim, inda take zaune a gidan yayana, wanda yake fataucin hatsi. A can yaron ya tashi. Yaya ne ya sa shi makaranta, Yaya ne yake yi masa faɗa, Yaya ne yake ɗinka masa kayan salla. Idan ya zo Dutse hutu, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, in amsa ina duban wani wuri. Idan zancensa ya kama dole, sai in ce "yaron wajen Inna".

Tun yana ƙarami aka gane yana da ciwon sikila. Duk sanda ciwon ya tashi, Yaya ne yake ɗauko shi daga Ringim ya kawo shi asibiti a nan Dutse, wajen wani likita da ya san jikinsa tun kafin ya iya magana sosai. In ana neman jini, waya ɗaya Yaya yake yi, abokan kasuwarsa su cika mota su zo. Ni kuwa sai in bar ofis in je in tsaya a baranda, in tare nas in tambaye ta jikin yaron gidan Yaya, kamar maƙwabcin da ya zo dubiya. Ban taɓa shiga na zauna a bakin gadonsa ba. Ina jin nishinsa ta taga, amma fuskata ba ta nuna komai, kuma a lokacin ina ganin wannan shi ne cikar mutunci. A wannan kwanciya da tashi ne yaron ya ƙudurta zai zama likita, kuma Allah ya ba shi kai. Da ya gama sakandare ya zauna jarrabawar shiga jami'a, sakamakonsa ya yi kyawun da har malamansa suka zo gida yi wa Inna murna.

Ƙofa biyu suka buɗe masa. Ta farko wata tsohuwar jami'a ce a can kudancin ƙasar nan, wadda ko wanda bai yi boko ba ya san sunanta, wadda manyan likitocin da ake ji da su a cikinta suka fito. Ta biyu kuwa sabuwar makarantar koyon aikin likita ce a nan kusa da mu, wadda a lokacin ba ta ma yaye ɗalibanta na farko ba. Ita ce ta ga makinsa ta aiko tana neman ya amince a mayar da sunansa wajenta. Ƙa'idar a fili take: ɗaya za a karɓa, kuma da zarar an amince da ɗaya, ɗayar ta rufe. Ba zan ɓoye ba, zuciyata tana kan ta kusa. Na san jikin yaron, na san abin da sanyi da gajiya suke yi masa. Amma uban da ya buɗe baki ya ce yana son ɗan farinsa ya zauna kusa da shi ya zubar da kunyarsa a idon dangi. Don haka na yi abin da aka saba: na roƙi Yaya ya ji ta bakin yaron, ya zo ya faɗa mini.

Yaya ya zo ranar da ba kasuwa, ya zauna a falona, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce ai magana ta ƙare, yaro ya ce ko dai babbar ko a fasa. Da ya ga ban yi murna ba, sai ya fara yi mini tsiya irin tasa, wai ni da na ƙare rayuwata a cikin takardu har yanzu ban san darajar suna ba. Ya ce in zo kasuwar Ringim in gani, buhu biyu na gero ɗaya, amma wanda aka san gonar da ya fito shi ake fara ɗauka. Ya ce waccan sabuwar ko fentinta bai bushe ba, kuma likitan da aka koya wa aiki a bayan gidan ubansa wa zai kwanta ya ce ya tsaga shi. Na yi ƙarfin hali na ce to lafiyar fa. Ya ce haba malam magatakarda, Allahn da yake nan shi ne yake can, kuma asibitin can in aka ɗauko shi aka ajiye a Dutse sai ya haɗiye sakatariyar taku har da wurin ajiye motoci. Akwai gaskiya a cikin maganarsa, kuma tunda an ce yaron ne da kansa yake so, wane ni in tare masa hanya. Na ce Allah ya sa alheri. Mahaifiyarsa, wadda kunyarta ta ninka tawa, tana ninke kaya a ɗaki ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, wai an ce garin can ruwa ba ya ɗaukewa. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Na gane abin da take nufi sarai, na yi kamar ban gane ba.

Akwai kuma abin da gaskiya ta wajabta in rubuta. Da labari ya shiga ofis, darakta da kansa ya tako har teburina ya miƙo mini hannu, abin da bai taɓa yi ba. Mutanen da suke yi mini kallon mai tsare fayil suka koma kirana baban likita. Abin ya yi mini daɗi, kuma daɗin ya taimaka wajen danne tambayar da ya kamata in yi. Ranar tafiyarsa Yaya ya kawo shi sallama. Yana durƙushe a gabana, na dubi Yaya na ce a faɗa masa ya riƙe salla, ya yawaita shan ruwa. Yaya ya juya ya maimaita masa, kamar ba a ɗaki ɗaya muke ba. Yaron ya ce to, ya tashi ya fita.

Shekara ta farko ta wuce, ta biyu ta yi nisa. Duk labarin da nake samu ta bakin Yaya ne, kuma kullum lafiya lau ne, karatu yana tafiya. Da ya zo wani hutu na ga ya rame, na kuma lura yana ɗan ɗingishi in ya tashi daga zaune. Na tambayi Yaya, ya ce zaman mota ne, tafiyar ai ba kusa ba ce. Na karɓa. Sai wata rana da hantsi, ina tsakiyar aiki, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Wani ɗalibi ne ɗan Kafin Hausa, ajinsu ɗaya da yaron. Ya fara da ba ni haƙuri, ya ce Baba a gafarce shi ya yi shisshigi, a wayar abokin nasa ya ɗauki lambata ba da saninsa ba. Ya ce yaron yana kwance a asibiti, kuma ba wannan ne karo na farko ba a shekarar, shi ne yake hana a faɗa a gida. Ya ce babbar jarrabawar da ake tsallakawa da ita zuwa ɓangaren asibiti ta wuce shi yana kwance. Ya ce ana neman jini, su ɗalibai 'yan arewa sun ba da iya abin da za su iya, yanzu ƙarfinsu ya ƙare.

Abin da al'ada ta tanada a nan shi ne in kira Yaya in ce a je a duba yaron. Har na nemo lambarsa. Amma sai na mayar da wayar aljihu, na rubuta takardar neman izini, na kai wa darakta da kaina, na wuce tasha. Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Ina zaune a mota ina kallon ƙasa tana sauyawa, duwatsun Dutse suka ɓace, gonakin gero suka ƙare, aka shiga kurmi da ruwan sama mai zuba ba ƙaƙƙautawa, ina lissafa a raina sau nawa yaro mai irin jikinsa ya yi wannan zama a takure, ba wurin miƙe ƙafa, ba ruwan sha isasshe don gudun neman a tsaya masa.

Ba zan yi wa asibitin can ƙazafi ba. Babba ne kamar yadda Yaya ya faɗa, kuma likitocinsa sun san aikinsu. Amma taron jama'ar da yake ɗauka ya fi ƙarfin a san mutum ɗaya. Duk zuwan da yaron ya yi, sabon likita ne zai fara tambayarsa daga farko. Ba wanda ya san cewa shi irin mutanen nan ne da ba sa kuka, in ya ce da ɗan zafi to abin ya kai maƙura. Ba mai yi masa gudun neman jini, ba mai kawo masa ruwan ɗumi, ba mai zama ya lura ko ya ci abinci. Na same shi a gadon ƙarshe kusa da taga, idanunsa sun yi rawaya, ana yi masa ƙarin ruwa. Da ya gan ni sai ya yunƙura zai sauko ƙasa ya durƙusa, da allura a hannunsa. Na ce ya koma ya kwanta. Na jawo kujera na zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Shi ya fara magana, idonsa a kan zanin gado. Ya ce in yafe masa, ya ba ni kunya. Ya ce ya san yadda na ƙwallafa rai a kan wannan makaranta, domin Baffa, haka yake kiran Yaya, ya faɗa masa na ce in ya zaɓi ta kusa ba zan iya ɗaga kai a sakatariya ba. Ya ce wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa, ko ciwo ya fara ba ya fasa zuwa aji, yana hawa benaye yana tsayuwar ɗakin gwaji har sai ya faɗi, don kada a ce ya kasa abin da mahaifinsa ya zaɓar masa. Na tambaye shi, baki da baki, me shi ya faɗa wa Baffan nasa ranar da aka aike shi jin ra'ayinsa. Ya ce ya faɗa masa ta kusa yake so. Ya ce har ya je ya zagaya makarantar ya gani, ɗalibai kaɗan ne, malami zai san kowa, ga likitansa a kusa, ga Inna da idonta ya fara rauni yana so ya riƙa leƙa ta. Baffa ya ce zai kai saƙo, ya tafi Dutse, ya dawo da waccan amsa.

Edita, na sha ganin rashin gaskiya a wurin aiki, amma ban taɓa jin ɓacin rai irin na wannan rana ba, kuma rabinsa a kaina yake. Ni da ba na sakin fayil ɗin hutun masinja a kan "an ce", na saki ɗana zuwa ƙarshen ƙasa a kan "ya ce". Mu biyu abu ɗaya muke so, kowannenmu ya haƙura da shi don girmama abin da ɗayan bai taɓa faɗa ba. Kafin a sallame mu wani babban likita ya kira ni ya nuna mini hoton ƙugunsa. Ya ce kan ƙashin ya fara lalacewa saboda jini ba ya isa gare shi, abu ne da yake samun masu wannan ciwo, amma da an gani da wuri an hutar da ƙafar, da wataƙila bai kai haka ba. Ya tambaye ni tun yaushe yake ɗingishi. Na san amsar, domin na gani da idona a wancan hutu.

Na ɗauko shi na dawo da shi, ban kai shi Ringim ba, gidana na kawo shi, na sa aka gyara masa ɗakin da yake kusa da nawa. Wannan kaɗai ya ishi dangi abin magana. Bayan ya ɗan samu ƙarfi na shirya na tafi Ringim, na nemi Yaya a gaban Inna. Na zaci zai musa. Bai musa ba. Ya ce e, shi ya yi, kuma in aka mayar da ranar zai sake. Ya ce wa ya goyi yaron nan zuwa asibiti tun yana tsumma, lokacin da ni nake baranda ina sana'ar kunya. Ya ce shi ya san zafin rashin takarda, ya sha tsayuwa a gaban tebur irin nawa yara ƙanana suna ce masa ya dawo gobe, don haka ya rantse ɗan da ya riƙa sai ya riƙe takardar da ba mai tambayar a ina aka samo ta. Ya ce yaro bai san abin da zai amfane shi ba, babba ne yake hango masa. Sannan ya nuna ni da yatsa ya ce in da gaske na damu, ai bakina a jikina yake, wa ya ɗaure shi. Wannan ta ƙarshe ta same ni, domin gaskiya ce. Amma na ce masa, da ladabin da ya kamaci ƙane a gaban wansa, riƙo daban, saƙo daban. Na ce Yaya, kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin sunan da ake kiran dillalin da ya faɗa wa mai saye magana ɗaya ya faɗa wa mai sayarwa wata. Da ya zo ya ce mini yaro yana son kusa amma shi bai yarda ba, da mun yi gardama a fili, wanda ya fi hujja ya yi rinjaye. Abin da ya yi shi ne ya ari bakina ya ci albasa da shi, ya ari na yaron ma. Inna ta bar mu har muka gaji, sannan ta ce mu tashi mu ba ta wuri, babba ya yi ƙarya, ƙarami ya yi gum, kowa yana rantsuwa son yaro ne, ga yaro can yana jan ƙafa. Ta ce su da suka koya mana kunya ba su taɓa cewa kada a san ko ɗa ya kwana lafiya ba.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Tsohuwar jami'ar ta yarda ya dawo ya maimaita shekarar, amma ni na riga na yanke cewa ba zai koma ba. Na shiga neman a yi masa canji zuwa ta kusa. Na san hanyar ofis kamar tafin hannuna, na rubuta, na bi, na zauna a benci, na dawo. Amsar ba ta sauya ba: ba a karɓar canji sai ga wanda ya ci waccan jarrabawa, kuma yawan ɗaliban da aka yarje musu su ɗauka ya cika. Ban ga laifinsu ba, ƙa'ida ce, kuma da ni ne a kujerar haka zan faɗa. Sai wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina, akwai wani babban mutum da in ya rubuta layi biyu ƙofa za ta buɗe. Ni da ban taɓa zuwa ƙofar kowa neman alfarma ba, na sa aka goge mini babbar riga. Ina shirin fita mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ƙofa. Wannan karon ba ta yi zancen ruwan sama ba. Ta ce Malam, duk wannan zirga-zirga da nake yi, shin na tambayi mai abin kuwa, ko kuwa yanzu ni ne na zama Yaya.

Na cire rigar na rataye. Na shiga ɗakinsa na zauna, na shimfiɗa masa hanyoyin kamar yadda suke: ko ya koma ya maimaita, ko in je neman alfarmar nan, ko ya bar likitanci ya kama wani fanni mai sauƙi ga jikinsa. Na ce duk wadda ya ɗauka ni zan tsaya a bayanta, kuma ba na son ya duba fuskata kafin ya amsa. Ya ce in ba shi zuwa la'asar. Da muka dawo daga masallaci ya ce ba zai koma ba, ba don yana ƙin makarantar ba, ya ƙaru da ita ƙwarai, amma ba ya ganin hikimar ya kashe jikinsa wajen koyon gyaran jikin wasu. Likitanci kuwa ba zai bari ba. Game da alfarma ya ce in yi haƙuri in bar ta, domin in an buɗe masa ƙofa da takardar wani to ɗan wani aka ture, kuma ba ya so ya yi shekaru a aji ana cewa tausayi ne ya shigo da shi. Ya ce akwai hanya ta huɗu da ban ambata ba: zai sake zama jarrabawar shiga jami'a daga tushe, ya nemi ta kusa da makinsa. Na ce ya san shekarun da za su tafi a banza kuwa. Ya dubi sandar da aka ba shi a asibiti, ya yi murmushi, ya ce Baba mai tafiya da wannan ai ba ya gaggawa.

Haka aka yi. Ya koma ya buɗe littattafan sakandare, ya zauna jarrabawa tare da sa'o'in ƙannensa. Wannan lokaci bai yi mini sauƙi a ofis ba. Magana ta zaga cewa an koro ɗan wane, wasu suka ce dama ina ɗan ruga ina waccan makaranta, masu kirana baban likita suka koma sunana na da. Duk wanda ya tambaye ni, da wanda ya yi habaici, amsa ɗaya nake ba su ba tare da kwana ba: ba a kore shi ba, ciwo ne ya kayar da shi a wurin da bai zaɓa ba, yanzu yana neman wurin da ya zaɓa. Sakamako ya fito, ya samu gurbin. Ranar da zai amince da shi, shi da kansa ya yi, ina zaune a gefensa.

Yanzu yana shekarun da ake koyon aiki a gaban marasa lafiya. Ba zan ce makarantar ba ta da gibi ba. Wasu malamansu daga wasu garuruwa suke zuwa, kayan aikinsu ba su kai na can ba, kuma shi da kansa yakan faɗi haka. Ciwon ma bai rabu da shi ba. Amma da ya tashi masa ana dab da wata jarrabawa, kafin azahar shugaban sashensu ya sani, likitansa ya gan shi, aka tsara yadda zai rubuta in ya samu sauƙi. Mahaifiyarsa ta je ta zauna a bakin gadonsa a gaban kowa. Wata tsohuwa da take jinyar jikanta ta tambaye ta ko ɗanta ne, ta ce e, na fari ma kuwa. Ni da Yaya muna gaisawa, muna haɗuwa a sha'anin dangi. Bai ba ni haƙuri ba, har gobe yana cewa da an daure da yanzu an gama. Na bar shi da ra'ayinsa, amma ban ƙara aika shi da saƙon da ya shafi rayuwar wani ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne lokacin fitar gurabe ya sake zagayowa, kuma na san akwai gidaje da yawa daga nan har Ringim da Buji da ake wannan shawara a cikinsu. Ban ce sunan makaranta ba shi da amfani ba. Yana da shi, kuma ga yaro lafiyayye mai son nisa, a bar shi ya je, Allah ya raka shi. Amma suna ba ya zama a bakin gado, kuma makarantar da ta fi kowacce ita ce wadda yaronka zai iya fita daga cikinta da takardarsa da lafiyarsa. Ku da ake aika tsakanin uba da ɗa, ku ji tsoron Allah, ku kai magana yadda aka ba ku ita, in kuna da ra'ayi ku faɗe shi da sunanku. Ban kuma ce a watsar da kunya ba, ni kaina har yau ban iya kiran sunansa a gaban mutane. Amma ranar da za a yanke inda ɗanka zai yi shekarun ƙuruciyarsa, ka rufe ƙofa, ka zauna, ka tambaye shi da bakinka, ka jira amsa daga bakinsa. Nauyin wannan tambaya na ɗan lokaci ne, kafin a sha ruwa ya wuce. Kuɗin rashin yinta kuwa ina ganinsa kowace safiya, sanda ɗana yake tsayawa a gindin matakala, ya gyara riƙon sandarsa, ya fara hawa ɗaya bayan ɗaya.